Haɗa kwamfutar gem da naira dubu 900 a Gombe: inda aiki ya kai

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Abin da ake nema shi ne kwamfutar tebur da za ta ɗauki wasannin gem na EA Sports FC 25, eFootball, GTA V da Fortnite a kan 1080p (ma'aunin kaifin hoton monita), hoto 60 a daƙiƙa, babu sarƙewa. Monita mai inci 24, kibod, mawus da fad (abin riƙewa a buga gem) biyu duk akwai su a ƙasa, ba sa cikin lissafi. Kwamfutar za ta zauna ne a wani ɗaki a Tumfure, rufin kwano da silin, fanka kawai ke aiki a ciki. Yanayin ɗakin nan shi zai yanke rabin shawarwarin da ke gaba.

Kuɗi naira dubu 900 ne, ko sisi ba za a ƙara ba. Mun raba su a takarda kamar haka: katin hoto dubu 280, furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) da madabod (allon da komai ke hawa kansa) da RAM (ma'ajiyar wucin gadi) a haɗe dubu 290, SSD (ma'ajiyar fayiloli) dubu 90, fawa fak (mai raba wa kayan ciki wuta) dubu 80, akwati da fankoki dubu 40, UPS (batirin da ke riƙe kwamfuta in wuta ta ɗauke) dubu 100, sauran dubu 20 na mota da ɗaurin kaya. Wannan iyakar da muka sa wa kanmu ce a kan kowane ɓangare. Farashin kasuwa kuwa yana bin dala, abin da aka faɗa maka da safe kan iya canjawa kafin la'asar.

EA, kamfanin da ya yi gem ɗin, ta rubuta cewa mafi ƙarancin abin da FC 25 ke buƙata shi ne katin hoto GTX 1050 Ti ko RX 570 da RAM 8GB. Abin da ta ba da shawara kuma GTX 1660 ko RX 5600 XT da RAM 12GB, sai fili 100GB. Layin farko ma'anarsa gem zai buɗe, shi ke nan. Da layi na biyu za mu yi aiki.

Laraba, 15 ga Janairu

Hanya uku ce a gabanmu. Ko a sayi haɗaɗɗiya mai gilashi da fitilu, ko a sayi kwamfutar ofis ta hannu a ƙara mata kati, ko a tsinto kaya ɗaya bayan ɗaya a haɗa.

Ta farko mun ajiye ta da wuri. Irin waɗanda ake tallatawa a Jiji da Facebook da sunan “Core i7 gaming”, in ka nemi lambar furosesar sai ka tarar i7-3770 ce ko i7-4770, kayan 2012 da 2013. Sunan i7 shi kaɗai ba ya gaya maka komai, lambar da ke biye da shi ce ke nuna zamani. Fitilun nan kuma ba sa ƙara hoto ko ɗaya a daƙiƙa.

Ta biyu ta cancanci a tsaya a kanta, domin ga mai kusan rabin kuɗinmu ita ce mafita. Dell OptiPlex 7060 ko HP EliteDesk 800 G4 mai i5-8500 tana da ƙwaya shida, kuma Windows 11 na karɓar ta, tunda Microsoft daga Intel na zamani na 8 ta fara. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don 14 ga Oktoban 2025 ita ce ranar daina tallafa wa Windows 10. OptiPlex 7040 da 7050 sun fi araha, amma suna ƙasa da wannan layi. Matsalar waɗannan kwamfutoci fawa fak ɗinsu: na 7060 babba wat 260 ne, na siririyar wat 200, ba su da wayar da ake soka wa katin hoto, kuma fulogin da ke shiga madabod ɗin Dell ba irin na kowa ba ne mai fin 24, balle ka cire ka sa wani kai tsaye. Saboda haka sai katin da ramin PCIe (inda ake soka kati a madabod) kaɗai zai ciyar, wato wanda bai wuce wat 75 ba: GTX 1650 ko RTX 3050 mai 6GB. In siririya ce kuma dole katin ya zama gajere mai ƙaramin ƙarfen baya. RX 6400 ma na shiga, sai dai layin PCIe huɗu kacal yake amfani da su, a kan PCIe 3.0 na waɗannan injuna ƙarfinsa na raguwa a fili.

Masu gyara kan kawo dabarar waya mai juya fulogin SATA (wanda ke ba ma'ajiyar fayiloli wuta) zuwa fin 6 ko 8 na katin hoto. Kada a yarda. Fulogin SATA wat 54 aka yi shi ya ɗauka a layin 12V, fin 8 kuwa har wat 150 ake ja ta cikinsa. Robar ce za ta narke.

Mun zaɓi ta uku.

Asabar, 25 ga Janairu

Katin hoto. Sunaye uku ne suka yi ta dawowa: RX 580 8GB, GTX 1660 Super 6GB, da RX 6600 8GB.

RX 580 ya cika kasuwa kuma ya fi sauran araha nesa ba kusa ba. Kati ne na 2017, yana cin wat 185, kuma da yawa daga cikin waɗanda ke yawo sun yi shekaru suna haƙar kirifto dare da rana kafin a wanke su a sa musu sabuwar riga. Akwai kuma wanda ake rubuta wa 2048SP. RX 580 na ainihi ƙwayoyin aikinsa 2304 ne, mai 2048 kuwa daidai yake da RX 570, suna ne kawai aka ara masa. Yawancin “sabbi dal a kwali” masu baƙon suna da ake kawowa daga Sin irin wannan ne. Araha ba ta ado, a ɗakin da ke ɗaukar zafi kamar namu wat 185 nauyi ne a kan UPS, a kan janareta, da kan mai zaune kusa.

1660 Super wat 125 yake ci, yana da kyau, amma 6GB ya fara yi wa sababbin gem kaɗan. RX 6600 ya fito a Oktoban 2021, wat 132, ya fi duka biyun ƙarfi da tazara mai kyau, kuma bai sha wahalar haƙa ta tsawon shekaru kamar 580 ba. Shi za mu nema, na hannu.

Wani abu ga masu neman ƙaramin kati: duk GTX 1050 Ti da ka ga ramin VGA mai shuɗi a bayansa, ka ajiye shi. Galibi tsohon GTS 450 ne ko GTX 550 Ti da aka sauya wa BIOS (manhajar da ke dashe a jikinsa) don ya riƙa nuna sunan ƙarya. Manhajar GPU-Z kan rubuta FAKE a gaban sunan irin waɗannan.

Litinin, 3 ga Fabrairu

A nan Gombe ana samun laftof, kwamfutocin ofis, SSD da RAM ba wahala. Kayan haɗa ta gem ne sai an leƙa Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja. Mun tsayar da Kano saboda dalili ɗaya: mutum zai iya zuwa ya ga kaya suna aiki kafin ya biya.

Furosesa Ryzen 5 5600, ƙwaya shida, wat 65. An yi mana tayin 5500 da 5600G a ƙasa da haka. Dukansu ma'ajiyar L3 ɗinsu, wato ƙaramar ma'ajiya mai sauri da ke cikin furosesa, 16MB ce, ta 5600 kuwa 32MB, kuma gem na jin wannan bambanci. 5600G tana da amfani ga wanda zai fara ba kati ya saya daga baya, mu ba halinmu ba ke nan. A ɓangaren Intel, i3-12100F da bod H610 mai DDR4 ma haɗi ne mai kyau, da ba a samu 5600 cikin kuɗinmu ba can za mu koma.

Madabod B450M na hannu. B550 ya fi shi da PCIe 4.0, amma abin da RX 6600 ke rasawa a kan 3.0 kaɗan ne, bai kai a ƙara kuɗin ba. Abin lura shi ne BIOS na bod, manhajar da ke tayar da shi. B450 ya girmi Ryzen 5000, in ba a sabunta shi ba fankoki za su juya, monita ta zauna baƙa ƙirin, mutum ya ɗauka wani abu ya ƙone. Wasu kwalaye na da tambarin Ryzen 5000 Desktop Ready, amma bod na hannu ba kasafai yake zuwa da kwali ba. Don haka furosesa, bod da RAM wurin mutum ɗaya za a saye su, ya haɗa su a kan tebur ya nuna sun tashi tare.

RAM sanda biyu na 8GB, DDR4-3200, iri ɗaya. Sanda ɗaya mai 16GB ba daidai take da biyu masu 8 ba, domin biyun ne ke buɗe hanya biyu zuwa furosesa. Mai shago zai ce maka duk 16 ne. A girma haka ne, a gudu ba haka ba.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Gwajin kati a Kano. An tafi da filas ɗauke da manhajojin gwaji, GPU-Z, FurMark, HWiNFO64, CPU-Z da CrystalDiskInfo, don kada a dogara da abin da ke kan kwamfutar mai shago.

Kati na farko ya faɗi tun a ido. Ɗaya daga cikin sukurori huɗu na baya ya sha sukudireba har kansa ya lalace, ƙarfen wajen ramukan HDMI ya yi tsatsa, fanka ɗaya kuma in ka juya ta da yatsa tana karkarwa. Mai kayan ya ce, “Alhaji, wallahi ɗan Landan ne, ko buɗe shi ba a taɓa yi ba.” An ce masa, “Malam, a kawo wani dai mu gani.”

Na biyu an sa shi a inji. GPU-Z ya nuna Navi 23, ƙwayoyi 1792, GDDR6 8GB, faɗin hanya bit 128. Haka RX 6600 yake. An kunna FurMark, mai matsa wa kati aiki, na minti 20 ana kallon abu uku: ko za a ga ɗigo-ɗigo masu launi ko layuka a monita, ko hoton zai ɗauke ya dawo, da kuma tazarar da ke tsakanin zafin kati gaba ɗaya da zafin wuri mafi zafi a cikinsa. HWiNFO na nuna duka biyun. AMD, kamfanin da ya ƙera RX 6600, ta ce har digiri 110 a wuri mafi zafi bai fita ƙa'ida ba, amma mu tazarar muke kallo. In ta wuce digiri 25, man da ke tsakanin ƙwaƙwalwar kati da ƙarfen sanyaya ya bushe, ko ƙarfen bai zauna daidai ba. Wannan ya tsaya a ƙasa da 20. Bayan nan aka gwada kowane rami na baya, HDMI da DisplayPort, ɗaya bayan ɗaya, aka kuma buga gem na ainihi na ɗan lokaci, domin akwai katin da ke wuce FurMark ya zo ya faɗi a gem. An rubuta lambar jikin katin a rasit tare da garantin mako biyu. Garantin baki ba ya zuwa Gombe ya dawo.

Furosesar AM4 (sunan soket ɗin da 5600 ke zama a ciki) ƙafafunta a jikinta suke, an karkata ta a hasken waya an duba layi-layi, babu wadda ta lanƙwashe. Ta zo da fankarta Wraith Stealth. SSD sabo ne, NVMe 1TB, CrystalDiskInfo ya nuna awoyin aikinsa ba su kai a ƙirga ba. Mun ƙi 512GB saboda abin da Windows zai nuna maka 476GB ne, gem uku manya sun cinye shi.

Fawa fak shi ne abu ɗaya da ba mu ko tambayi na hannu ba. AMD ta ce wat 450 ya ishi RX 6600, mun ɗauki 550 mai 80 Plus Bronze. Abu biyu ake karantawa a takardar jikinsa. Na farko amfiyar layin +12V: ka ninka ta da 12. Na kirki mai wat 550 zai ba ka kusan amfiya 45. Wanda ke zuwa kyauta cikin akwati an rubuta masa 500W, in ka duba sai ka ga amfiya 18, wato wat 216 ke nan. Na biyu wutar da yake karɓa. Wasu an rubuta 200–240V, wasu 100–240V. A unguwar da wuta kan yi ƙasa da magariba har fanka ta riƙa jan ƙafa, na biyun ne zai ci gaba da aiki.

Talata, 11 ga Fabrairu

Kaya sun iso. Ba a haɗa su a Kano ba, da gangan. Kati mai nauyi da ke maƙale a bod, in mota ta faɗa rami, shi ke ɓalle ramin PCIe ko ya tsaga bod ɗin. Ko haɗaɗɗiya mutum ya saya, a cire katin a naɗe shi daban, a kwantar da akwatin ta yadda bod zai kasance a ƙasa.

Hunturu bai gama tafiya ba, iska a bushe take, irin lokacin da ƙofar mota ke tartsatsi a yatsa. Wannan tartsatsin na iya kashe RAM. Kafin a taɓa kowane abu sai an dafa ƙarfen akwati, kuma ba a yi aikin a kan kafet ba.

An fara a waje, bod a kan kwali: furosesa, alamar kusurwa uku ta zinariya ta dace da ta soket, ta faɗa da kanta ba dannawa. Wraith Stealth ba ta amfani da robobi biyu da ke gefen soket, an kwance su an bar farantin baya, aka ɗaure sukurori huɗun a gicciye, kaɗan-kaɗan. Tsohon man an goge shi da sifirit, an ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya. RAM a rami na biyu da na huɗu daga furosesa, A2 da B2. Sai da ta nuna hoto a haka kafin aka sa ta a akwati. Tashin farko ya ɗauki kusan minti guda monita ba komai, bod na gwada RAM ne, ba a kashe ta a lokacin.

Cikin akwati, farantin ramukan baya ake fara sawa kafin bod. A ƙirga ƙusoshin tagulla da bod ke zama a kai, kada a bar ko ɗaya a inda babu rami, zai haɗa wuta ta ƙasa. Wayar fin 8 ta furosesa da ta kati sun yi kama: mai rabuwa 4+4 ta furosesa ce, mai 6+2 ta kati. HDMI kuma a bayan kati ake soka shi. 5600 ba ta da hoto nata na kanta, ramukan monita da ke jikin bod matattu ne.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

BIOS. RAM ya tashi a 2133 maimakon 3200, haka yake yi sai an kunna XMP, saitin da ke sa shi ya kai cikakken gudunsa. Bod ɗin ASUS na kiran sa DOCP. An kashe CSM, an kunna Above 4G Decoding da Resizable BAR, an kunna saitunan tsaro biyu, fTPM da Secure Boot. Windows 11 na son fTPM, gem ɗin Valorant ma ba zai buɗe a kan Windows 11 ba sai da su biyun. Tsofaffin BIOS na AM4 suna da ciwon sarƙewar sauti da hoto in fTPM na kunne, an gyara shi a BIOS mai lamba AGESA 1.2.0.7, namu ya wuce nan. Wanda zai sabunta BIOS, kada ya fara sai kwamfutar na kan inbata ko UPS mai cikakken caji. In wuta ta ɗauke a tsakiya, bod ya tafi.

MemTest86 ya kwana yana zagaye, babu kuskure. An sa Windows daga filas, direban kati, wato manhajar da ke tafiyar da shi, daga shafin AMD kai tsaye.

Data ita ce kuɗin da ba ya cikin takardarmu. FC 25 kaɗai ya isa ya cinye sayen wata. Steam, manhajar sayen gem, na barin a kwafo fayilolin gem daga kwamfutar wani ta hard disk ko in kwamfutocin biyu na kan layin sadarwa ɗaya a gida, muddin kai ma ka sayi gem ɗin a asusunka, sai ya sauke ɗan abin da ya rage. An saita intanet ɗin a matsayin mai awo cikin Windows don kada ya riƙa sauke abubuwa a ɓoye. Gem ɗin da ake lodawa a shago kan kuɗi kaɗan mun bar su. Sau da yawa da manhajar haƙar kirifto suke zuwa, ka ga kati na zafi alhali ba abin da ke buɗe.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Wuta. Da mitar soket aka auna: kwamfuta da monita suna cikin gem ba su kai wat 300 ba. UPS mai 650VA da ya fi yawa a shaguna abin da yake bayarwa na gaskiya bai wuce wat 360 zuwa 390 ba, ya yi kusa da baki, ga batir ɗaya tal mai 7Ah. Mun sayi 1200VA, kusan wat 720, mai batir biyu. Aikinsa ya ba ka mintunan da za ka ajiye gem ka kashe, ko a tayar da janareta. Ba a buga wasa a kansa.

A kan wutar gari lafiya lau. Da aka koma ƙaramin janareta sai UPS ya fara ƙyas-ƙyas, yana shiga batir yana fita, har batirin ya kusa ƙarewa alhali janareta na ruri. Dalili shi ne injin ba ya riƙe 50Hz, gudunsa na hawa yana sauka, UPS kuma yana ganin wutar ba ta da kyau ya ƙi ta. Sitabilaiza ba ta maganin wannan, ƙarfin wuta take daidaitawa, ba bugunta ba. Mai gyaran janareta ya wanke kafireto ya saita gwamna, wato abin da ke daidaita gudun injin, aka kuma bar ƙwai da fanka a kunne don injin ya samu kaya tsayayye. Ƙarar ta ragu sosai, ba ta ɓace duka ba. Gidan da ke da sola da inbata mai tsaftatacciyar wuta, irin da ake rubuta wa pure sine wave, ya huta da duk wannan.

Soket ɗin ɗakin ba shi da wayar ƙasa, bayan akwati na ɗan cizo in an taɓa shi ba takalmi. An kira mai wayarin ya ja waya zuwa sandar da aka kafa a ƙasa, cizon ya daina.

Lahadi, 9 ga Maris

Azumi ya kama, zafi ma ya kama. Abin da aka auna a Fabrairu ya tashi aiki, domin duk digirin da ɗaki ya ƙara, sai ya bayyana a furosesa da kati. Da rana tsaka furosesar na haura 80 a cikin gem. Iyakarta 90, daga nan take rage gudu da kanta. Kati bai damu ba.

Akwatin da fanka ɗaya ya zo, a baya. An ƙara biyu masu milimita 120 a gaba suna shigo da iska ta cikin raga. Biyu na shigarwa ɗaya na fitarwa, iskar ciki ta fi ta waje matsi, ƙura ba ta samun shiga ta ramukan da ba su da raga. Wasu kan cire murfin gefe su juya wa kwamfuta fankar tsaye. Zafi na sauka, gaskiya ne, amma cikin mako biyu ƙarfen sanyaya zai toshe da jar ƙasa. An ɗaga akwatin daga ƙasa zuwa kan tebur, an bar tazarar hannu tsakaninsa da bango. Ragar gaba ana cire ta a kakkaɓe duk mako. Cikin kuma da bulowa, kwamfuta a kashe an zare waya, a riƙe kowace fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da ƙima.

A manhajar AMD an tsayar da hoto a 60, tunda monitar ba ta wuce haka ba. Kati ya daina wahalar zana abin da ido ba zai gani ba, wutar da yake ci da zafinsa duk sun sauka.

Asabar, 22 ga Maris

FC 25, eFootball da Fortnite suna riƙe 60 a 1080p. Sabon GTA V da Rockstar ta saki wa kwamfuta ranar 4 ga Maris yana son SSD da fili 105GB, kuma katin da ta ba da shawara RX 6600 XT ne, mataki ɗaya sama da namu. Yana tafiya sumul a saiti na sama in an kashe ray tracing, saitin da ke ƙawata haske da inuwa. In an kunna, cikin gari da dare yana faɗowa ƙasa da 60.

Furosesa har yanzu tana taɓa 83 zuwa 85 da azahar, kuma Afrilu bai zo ba. Wraith Stealth ta kai iyakarta a wannan ɗaki. Abin da ke gaba shi ne mai sanyaya mai tsayi, bututun tagulla huɗu da fanka 120. An auna daga saman furosesa zuwa murfin gefe, milimita 155 ne, don haka duk wanda ya fi haka tsayi murfi ba zai rufu ba, kuma dole a tabbatar ƙarafan ɗaurin AM4 na cikin kwalin kafin a biya. Wajen cire tsohuwar, a fara kunna gem na minti goma man ya yi laushi, a kashe, a murɗa ta hagu da dama kafin a ɗaga, in ba haka ba furosesar za ta biyo ta da ƙafafu a lanƙwashe. An yi magana da mai kawowa daga Kano, sai bayan Sallah.